Na Auna Ƙafar Mota da Tsinken Tsintsiya

Abin nan ya kwana biyu ƙwarai. Shekarun da aka sauke tutar Turawa ne, sabuwar tutar ma ba ta fara koɗewa ba. Lokacin ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari na zauna a ajin yaƙi da jahilci, don haka ku da kuke karanta ni, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da taɓarya.

Maigidana yana da mota. Kada ku ji mota ku zaci wani abu ne. Tsohuwar jif ce mai buɗaɗɗen baya, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda wani Bature mai awon daji ya sayar masa da zai koma garinsu. Ta riga ta ga duniya kafin ta zo hannunmu. Amma a Bagudo ta lokacin, ko akwalar mota ka ajiye a ƙofar gida sai a riƙa gaishe ka da hannu biyu. Shi bai iya tuƙi ba. Yana da direba, wani tsohon soja mai ƙarancin magana, kowa Kofur yake ce masa.

Motar tasa ce, shinkafar tawa ce. Ku riƙe wannan. Gonar mahaifina ce a fadamar Kaoje, gado na ci, kuma a shekarar Allah ya ba da ita fiye da yadda na taɓa gani. Muka yanke, muka buge, muka ɗura a buhuna, tsibi uku a tsakiyar fadama. Abincin gidanmu ke nan har wata kaka, irin shukar baɗi ma yana ciki.

Wanda bai zauna bakin Kwara ba bai san baƙin ruwa ba. Damina ta ɗauke, sama fes babu ko gajimare, sai kogi ya sake cikowa da ruwan da ya taso tun daga ƙasashen yamma. Ba ya ruri, ba ya gudu. Ta cikin ciyawa yake shigowa a hankali, ka kwanta ƙasa busasshiya ka tashi tana danshi. Jirgi ba ya iya shiga ya kwashe kaya, don ruwan bai da zurfi sai ya riga ya jiƙa su. Jakuna kuwa kowa nasa yake nema. Mahaifina ya bar mana alama: akwai wani jan suri a gefen gonar ta wajen kogi. Ya ce duk ranar da ruwa ya taɓa gindin surin nan, kada mu tsaya sallama da kowa, mu kwashe.

Ranar da muka kawo motar, ruwa yana hango surin amma bai kai ba. Muka yi lodin farko, Kofur ya sa giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, ya ratsa yashi, ya kama hawan tudu. Sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Ƙarfen ƙafar baya, wanda direbobi ke cewa wili, ya tsage ta wajen hujin kusoshi. Motar ta zauna a ɗaya ƙafar, ita kuma ta faɗa kan kututture, taya ta yage, wilin ya lanƙwashe. Safaya kuwa tun bara ta zama ƙafa. Kofur ya kai tsagaggen wajen maƙeri, ya sa a wuta, ya daka, abin ya fito kamar faifan da saniya ta taka.

Sakkwato ta yi nisa, kafin a je a dawo shinkafa ta tsira a buhu. Kofur ya ce akwai wani fili can gaba da Lolo, cikin Dahome, wadda yanzu ake cewa Binin, inda wani mutum ke tara gawar motocin da sojan Faransa suka bari. Ya ce shi zai tsaya ya tsare mota da kaya, mu mu je. Na ce to a cire ƙafar gaba guda mu tafi da ita, a gwada a can.

Maigida ya ce, “Mu sha kaya zuwa, mu sha kaya dawowa? Sannan a iyaka su ce mun shigo da ƙarhe? Huji biyar ne. Ni ban iya ƙidaya biyar ba?”

Kofur ya ce, “Maigida, ba biyar ɗin ba ne kaɗai. Tsakaninsu ne. Ƙarhen Faransa daban, na Ingila daban. Tsayin kuma ya zo ɗaya da na gaba, in ba haka ba giya kuka za ta yi.”

“Na ji, na ji.”

Bai ji ba. Na zauna da mutumin nan shekaru, na san “na ji” ɗinsa.

Sai na yi abin da na iya. Mu can, in za ka kasuwar Lolo sayo wa yaro takalmi ba ka jan yaron, tsinken tsintsiya kake karyawa daidai tafin ƙafarsa ka tafi da shi. Na zare tsinke biyu daga tsintsiyar da muke share masussuka. Ɗaya na karya daidai daga kan kusa zuwa kan maƙwabciyarta, ɗaya daidai faɗin cibiyar da wilin ke zama a kai. Na yanko kara na auna tsayin tayar gaba. Tsinkayen na soke su cikin ɗankwalina.

Maigida yana kallona yana dariya. “Takalmin sallah za ki sayo mata?”

Na ce, “Shinkafata ce a ƙasa, Malam. Ƙafata ƙafarka.”

Bai so ba, amma ba shi da yadda zai yi. Mahaifiyata Badandiya ce, danginta suna tsallaken, ni na iya Dandanci, ni na san hanya. Muka hau jirgin masunta zuwa Lolo, daga nan muka taka. A iyaka akwai jandarma zaune a gindin tsamiya da sabuwar tutarsu. Na gaishe shi da Dandanci, na ambaci gidan kawuna, ya ɗaga mana hannu. Duk tafiyar nan ban ga hanya ba. Suri nake gani.

Mai filin wani ƙaton Badandi ne mai hular Faransawa, Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Da ya ji huji biyar, sai ya shiga rumfa ya garo mana wili biyu. Gaskiya ɗaya ce, suna da kyau. Fenti bai ko kwarzane ba, tayoyin masu faɗi, baƙi wuluk, har ƙanshin roba suke yi. Na ga fuskar maigida ta yi irin yadda take yi in ya ga ingarman doki.

Ya tsuguna ya ƙidaya da yatsa. “Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ga su nan. Dubi hwaɗi! Wagga ko bisa ruwa ta tahi.”

Na kwance ɗankwali na zaro tsinke. Na ɗora daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar na kusa da shi. Bai kai ba. Saura kaɗan, kamar tsawon ƙwayar shinkafa guda. Na sake gwadawa a wani hujin. Haka dai.

Na ce, “Ba nata ba ne.”

Mai filin ya yi dariya har tumbinsa na rawa. “'Yar uwa, wannan ɗan abin? Maƙeri ya goga da zarto sau biyu, ya shiga.”

Na ce masa da Dandanci, “Wanda aka goga shi ne ke tsagewa. In ya tsage a cikin ruwa, kai za ka zo ka ɗauka?”

Maigida ya ce, “Mi kika ce mishi? Yi Hausa, ina nan.”

Na maimaita da Hausa, ban rage komai ba. A lokacin mutane sun fara taruwa, masu faci da 'yan zaman banza, an zo kallon matar da ke auna mota da tsintsiya. Na ga kunnen maigida ya yi ja. Mutum ne mai haƙuri a gida, amma a bainar maza ba ya son a ja da shi, ni kuwa Allah bai ba ni baki mai lanƙwasa ba.

Ya miƙo hannu. “Ba ni tsinken.”

Na ba shi. Ya ɗaga shi a rana ya juya, sannan ya nuna mini bakin. “Dubi nan. Karyewa ya yi. Ke da kika aza ƙwarya bisa kai tun Lolo?”

Gaskiya ya faɗa, a Lolo na sayi gari da ƙuli na ɗora a ka, bisa ɗankwalin da tsinkayen ke ciki. Wayo ke nan irin nawa. Na karɓa na duba. Bakin tsinken a tsage yake. To amma tsinken tsintsiya in ka karya shi da hannu, dama haka bakinsa yake. Tsagewar da na yi a fadama ce, ko sabuwa ce? Na zazzage ɗankwalin a ƙasa ina neman guntu. Babu. Ko ya faɗi a hanya, ko bai taɓa karyewa ba. Wallahi har yau da nake rubuta wannan, ban manta tsayuwar nan ba. In ya karye, to masu kyan nan su ne daidai, ni ce zan ja mu mu bar su. In bai karye ba, za mu kwaso ƙarfen da ba zai shiga ba. Kuma babu zuwa na biyu. Ciniki a can in mai kaya ya ce ya sallama, kai ka ce ka karɓa, magana ta ƙare, balle da iyaka a tsakani. Ruwa kuma ba zai jira mu sake ba.

Maigida ya juya wajen mai filin, ya buɗe baki zai karɓa.

Na ce, “Malam, tsaya. Akwai ɗayan.”

Na ɗora tsinke na biyu a ramin cibiya. Shi ma bai zo daidai ba, amma wannan karon ramin ne ya fi ƙanƙanta, tsinken ya haye.

Na ce, “Wancan ka ce ya karye ya rage. Wannan fa, tsiro ya yi a kaina?”

Wani cikin masu kallo ya fashe da dariya, sai ya haɗiye ta da ya ga idon maigida. Ni ma na so in haɗiye maganar, amma ta riga ta fita.

Na tambayi mai filin ko yana da na motar Ingila. Ya ce akwai wata da ta mutu a hanya tun zamanin yaƙi, tana can baya cikin ciyawa, amma ba abin da mutumin kirki zai saya ba ne. Na tattare zane na shiga. Na sami ƙafafunta biyu a jingine da gangar jikin motar, tsatsa ta cinye fentin, zanzaro ya gina gida a hujojin. Tayoyin sirara ne, sun yi fari-fari, sai dai haƙoransu suna nan da zurfi, kuma da na danna ban ga tsaga ba. Na tsokale ƙasar zanzaro da ƙaya, na ɗora tsinke. Ya zauna cif. Na biyu ma cif. Na tsayar da kara a jikin tayar, bambancin bai kai yatsa ba.

Amma ku lura, wannan bai kwantar mini da hankali ba. In tsinken ya karye, ai abin da ya yi daidai da karyayyen tsinke shi ma kuskure ne. Na dai zaɓa ne, ina ji ina gani.

Maigida ya zo ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana kallon munanan ƙafafun nan. Sannan ya ce a hankali, yadda masu kallo ba za su ji ba, “Shinkahwar taki ce. In ba su shiga ba, bakina babu.”

Na ce, “Na ɗauka.”

Aka sa musu sabon tiyub, aka yi musu iska da famfo. Muna shirin tafiya sai ya koma rumfa ya sayi guda cikin masu kyan nan. Wai safaya. Na bar shi, a ranar na riga na cinye rabona na magana.

Kawuna ya haɗa mu da masunta, muka gangaro a jirgi. Duk inda muka wuce bishiyoyin bakin kogi suna tsaye cikin ruwa, matuƙin yana cewa bana ya zo da wuri. Daga mashaya muka sami jaki guda da ƙyar, ya ɗauki biyu. Ta ukun maigida ya gara ta da hannunsa cikin yashi, da babbar riga da rawani, gumi yana zuba. Ko ni ban yi dariya ba.

Da muka hango fadama, ban ga gindin suri ba. Ruwa ya zagaye shi, kansa kawai ke waje. Tsibin ƙasa kuwa, wanda ya fi kusa da kogi, buhunan gindinsa sun riga sun yi duhu. Kofur ya yi ta jan wasu a bayansa zuwa tsibin tsakiya, har kafaɗarsa ta saluɓe. Ya dubi mai kyau, ya dubi munana, ya ɗauki mummuna.

Ya ɗaga motar da jak, ya kai wilin bakin kusoshi, ya tura. Kusoshin suka leƙo ta hujojin, sannan wilin ya tsaya. Bai ƙarasa zama ba. Ya cire, ya juya, ya sake turawa. Ya tsaya a wuri guda.

Da maigida ya ce “na gaya miki” da ya fi mini sauƙi. Juya baya kawai ya yi yana kallon ruwa. Ni kuwa na zauna daɓas a yashi. Abin da ya zo mini a rai shi ne fuskar yarana, da yadda zan shiga gidajen mutane da ƙwarya ina roƙon iri, ni da aka sani da baki.

Kofur ya kwantar da wilin, ya shafa ramin cibiya da yatsa. Ya zaro wuƙa ya fara kankarewa, tsatsa tana zubowa kamar ƙanzon tukunya. Ya ce, “Uwargida, kina da man kaɗanya?”

Ina da shi a ƙullin zane, na shafa ƙafa. Ya lakata ya zagaye ramin, ya mayar, ya zauna a ƙasa ya sa diddige biyu ya doka. Sai na ji “ƙwal”. Kusoshi biyar suka fito tsaf. Ya ɗaura noti ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi gardama.

Bai ɗago kai ba ya ce, “Miƙo ɗayan.”

Maigida ne ya miƙa masa.

Daga nan babu sauran magana sai aiki. Muka fara da tsibin tsakiya, don shi ne mai yawa kuma irin shuka yana ciki. Ni da maigida muna ɗorawa, rawanin ya daɗe da faɗuwa, Kofur yana kai wa tudu yana dawowa. Siraran tayoyin nan suna yanka laka suna kama ƙasa. Tsibin tsakiya ya fita, na sama ya fita. Kafin la'asar muka juya kan na ƙasa, ruwa yana wajen idon sawu. Motar ta shiga, muka ɗora rabi, ta ce ba ta san zancen ba. Ƙafafun bayan suka haƙa rami suka nutse. Kofur ya rage musu iska, muka cusa ciyawa da karare, muka tura har na ji wani abu ya ɗaure a ƙuguna. Sai da muka sauke kayan duka ta fito. Abin da muka iya ɗauka a ka muka ɗauka. Sauran muna tsaye a tudu muna kallo ruwa ya rufe su a hankali, ba ko ƙara.

Maigida yana haki ya ce, “Da masu hwaɗin nan ne, da ta wuce.”

Na ce, “Da sun shiga.”

Washegari don ya huce haushi ya sa Kofur ya gwada safayarsa. Kusa biyu suka shiga, uku suka ƙi, cibiya kuwa ko kusa. Ya ce a kai wa maƙeri. Kofur ya ce shi ba zai tuƙa gogaggen wili ba, yana da 'ya'ya. Aka jingine ta a zaure tana jiran ranar da ba ta zo ba. Da ta gaji da jira na cire tayar na ba masu takalmi, wilin kuwa na kifa shi a tsakar gida na yi murhu. Ban taɓa samun murhun turara shinkafa kamarsa ba.

Shekaru bayan haka, da na fara haɗa baƙaƙe a aji, wata rana na tsuguna gefen wata mota a tasha sai na ga ashe akwai rubutu a jikin taya, lambobi ne na girmanta. Tun can ma yana nan, a gaban idonmu, mu uku manya babu mai iya karantawa. Na yi dariya ni kaɗai har mutane suka waiwayo. Amma na duba wilin sosai, ban ga inda aka rubuta nisan huji ba. Wannan har yanzu sai an auna.

Shekarar ba mu sayi hatsi ba, kuma da irina muka shuka, sai dai tuwon ya yi ƙaranci kafin kaka. Ni ban ce na yi nasara ba, don na ga buhunana suna nitsewa, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ne, taya mai faɗi ta fi hawa laka. Abin da na sani shi ne na tsaya a kan tsinken da ni kaina ban tabbata da shi ba, kuma ban ƙara ɗora ƙwarya a kan abin da na auna ba.

Gardamar ba mu taɓa gama ta ba. Duk kaka in na ɗora tukunya a murhun nan, sai ya fito ya tsaya yana kallon wutar, ya ce, “Da ta wuce.” Ni kuma in ce, “Da ta shiga.” Shekarar da ya rasu na hura wuta, na ɗora tukunya, sai na tarar da kaina a tsaye da muciya a hannu, amsata a baki, ina jira.